Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ruwa: a ba mu abin gwada ruwa a bakin rijiya

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan Allah Ya dafa maka a kan nauyin da ke wuyanka. Ni malamin lakwal ne a nan garin Tawa, ina koyar da kimiyyar halittu a lise. Na zaɓi in rubuto maka da Hausa, a bainar jama'a kuma, domin maganar ta masu tulu da bido ce, ina so ta kai kunnensu kamar yadda za ta kai teburinka.

Bazarar da ta wuce na je ƙauyen su mahaifiyata, can cikin duwatsun Adar. Na tarar an yi musu sabon foraj da faifan hasken rana da shato, abin da suka yi shekara da shekaru suna roƙo. Sai dai matan garin sun juya masa baya. Garau ruwan yake fitowa daga famfo, amma kafin ya yi sa'a biyu a randa ya koma ja, ya ɓata farin tufa, in an dafa shayi da shi kuma shayin ya yi baƙi. Don haka suka koma tsohuwar rijiyar fadama, mai ruwa fari tas, mai daɗi a baki. Da na sauka fadamar, ban yi taku hamsin daga bakin rijiyar ba na iske samari da suka dawo daga wuraren haƙar zinariya. Sun zo da dutse a buhu, suna dakawa, suna wankewa a kwano, suna murza garin da zaiba. Ruwan wankin kuwa nan ƙasa suke zubar da shi.

Goggona ta tsare ni a gaban mutane ta ce, "Kai da ka yi boko, gaya muna gaskiya. Wanne za mu sha, jan ko hwarin?"

Na ce mata jan nan ga alama ƙarfe ne, irin wanda ruwan ƙasa mai zurfi kan ɗauko, in ya haɗu da iska ya yi tsatsa, kuma muninsa a ido ya fi cutarwarsa yawa. Na ce farin ne ya fi tayar mini da hankali. Ta ce, "Ka auna?" Na yi shiru.

Na cika kwalba biyu na dawo da su Tawa, na nemi yadda zan aika Yamai. Wanda na tuntuɓa ya yi mini bayani cikin mutunci: ruwan da za a nemi ƙarfe a cikinsa ba a zuba shi a kowace kwalba, sai wadda aka wanke ta musamman, a ɗiga masa asid tun a bakin rijiya don kada ƙarfen ya manne a jikin kwalbar, zaiba kuwa ta fi kowanne saurin ɓacewa a hanya. Nawa ya riga ya kwana biyu cikin zafi. Ga kuɗin gwajin, ga tafiyar da ta haura kilomita 500. Na haƙura. Ni da nake da albashi da sanin inda ake tambaya ke nan, ina ga goggona?

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Matsalar dalma da arsenik da zaiba da kadmiyom ita ce ba sa ma sa ruwa tsami. Ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Tafasawa ba ta kawar da su, hasali ma in ruwan ya ƙone ya ragu, gubar ƙaruwa take a abin da ya saura. Ƙwayar kulorin da ake rabawa lokacin kwalara ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ruwanta da ƙarfe. Adadin da ake magana a kai kuma ƙanƙane ne ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a maikurogiram 10 cikin lita ɗaya, arsenik ma 10, zaiba 6, kadmiyom 3, uraniyom 30. Haka nake fassara wa ɗalibaina 10 ɗin nan: ka ɗauki dalma mai nauyin ƙwayar sukari ɗaya, giram 5, ka narka ta cikin tano 2,500 masu lita 200, to ka kai iyakar. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan ido bai san komai ba.

Kuma ba labarin nesa nake kawowa ba. Tibirin Gobir tana nan kusa da Maraɗi. Rijiyar burtsatsen da aka haƙa musu a 1985 ta shayar da garin fiye da shekara goma da ruwa mai fulorayid (wani sinadari da ruwan ƙasa kan ɗauko daga duwatsu) da ya ninka iyakar miligiram 1.5 sau da yawa, kafin a gane dalilin da ƙafafun yara ke lanƙwashewa, haƙoransu na rinewa. Dubban yara abin ya taɓa, da yawansu yanzu magidanta ne masu ɗauke da nakasar. Fulorayid ba ƙarfe ba ne, na sani, amma hanyar da ya bi ita ce dai: ruwa mai kyawun gani, gwaji a nesa, jikin yara ne ya zama ma'auni. A 2010, tsallaken iyaka a Zamfara, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Ƴargalma da Bagega. Dutsen zinariya ne ake kawowa gida a daka a tsakar gida, ƙurar ta shiga ƙasa da abinci da rijiyoyi. Da farko an ɗauka masassarar cizon sauro ce ko sanƙarau, saboda yaran suna jijjiga suna suma. Abin da na gani a fadamar su goggo shi ne farkon wannan labarin, shi ya sa na kasa barci a daren. A yamma kuma, a yankin Yatenga na Burkina Faso, an sami rijiyoyin burtsatse masu arsenik da ya ninka iyaka fiye da sau ɗari, daga duwatsu masu zinariya. Irin duwatsun nan ne suka miƙo har Liptako ɗinmu, inda wuraren haƙar zinariya na Komabangu da Samira suke.

Akwai wanda ya fi waɗannan kusa da teburinka. A 2021 masu bincike daga Jami'ar North Carolina ta Amurka sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa famfuna 261 na karkara a Ghana da Mali da Nijar. Kashi 9 cikin ɗari na ruwan da suka ɗiba ya haura iyakar dalma. Kuma ba daga ƙasa dalmar ta fito ba, daga kayan famfon ne, musamman kan famfo da mahaɗan tagulla da aka gauraya da dalma. Wato abin da aka sayo don a kawo lafiya shi ke ɗiga gubar. Jikin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar a kan na babba, ya fi zuƙa ma in yana da ƙarancin jini, kuma abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Ina tsayawa gaban aji kullum, ina ganin yaron da ake ce wa daƙiƙi, sai in tuna wannan.

To mene ne nake roƙo? Duk wanda ya kai yaro asibitin ƙauye da zafin jiki ya ga ɗan farin abin nan da ake ɗiga wa jini, a jira minti goma sha biyar, layi ya fito ko ya ƙi fitowa. A da sai an nemi madubin likita da ƙwararre da wutar lantarki kafin a tabbatar da masassara. Yau ma'aikacin lafiya na ƙauye yana yi a ƙarƙashin bishiya. Na'urar auna sukari da tsofaffinmu ke ajiyewa a aljihu ita ma danginsa ce. Masana suna kiran irin wannan biyosensa, ni ina ce masa magwajin halitta: a ɗauko wani abu daga jikin mai rai wanda ya iya gane abu guda ɗaya tak, a haɗa shi da alamar da ido ko ƙaramar na'ura za ta gani. An yi shekaru ana ƙera irinsa domin ƙarafan ruwa.

Na arsenik ne ya fi burge ni, don hikimar Ubangiji ce aka aro. Ƙwayoyin bakteriya sun daɗe suna zama da arsenik a cikin ƙasa, kuma suna da maganinsa. Akwai wani furotin, ArsR, da ke zaune a bakin wani sashe na gadon halittarsu kamar mai gadi a ƙofa. Muddin babu arsenik, ƙofar a rufe take. Da ya shigo sai ya manne wa mai gadin, mai gadin ya saki ƙofa, ƙwayar ta fara ƙera abin da zai fitar da gubar waje. Abin da masana suka yi shi ne suka sa umarnin yin haske a bayan wannan ƙofar, wanda suka ɗauko daga halittu masu ƙyalli a duhu. Ka zuba ruwan rijiya, in da arsenik ƙwayoyin su yi haske, gwargwadon yawansa gwargwadon hasken. Masu bincike na Suwizalan da Biyetnam sun gwada shi a 2005 a kan ruwan rijiyoyi kusan 200 a Biyetnam, sakamakon ya zo kusa da na babbar na'urar ɗakin gwaji. Wata cibiya a birnin Laifzig na Jamus ta busar da ƙwayoyin a ƴan kwalabe, ta sa wa abin suna ARSOlux, aka kai shi ƙauyukan Bangaladash. Tsohon gwajin arsenik na sinadarai da ake yi a daji yana fitar da iska mai guba a hannun mai gwajin, kuma takardarsa tana ɗauke da zaiba. Wannan ba ya yin ko ɗaya.

Akwai kuma wanda babu mai rai a cikinsa sam. A 1994 aka gano cewa ana iya samun zaren DNA (irin zaren da ke ɗauke da gadon halitta) da ke yanke wani zaren, amma sai in akwai dalma a wurin. Daga nan masana a Jami'ar Illinois suka mai da shi magwajin dalma a 2000, suka yi na uraniyom a 2007. Ba sai na gaya wa Ministan Nijar abin da ya sa na uraniyom ya shafe mu ba: tun 1971 ake haƙarsa a Arlit, hanyarsa ma ta garinmu ta ratsa. A 2020 kuma Jami'ar Northwestern ta fito da wani mai suna ROSALIND, inda aka ciro kayan aikin ƙwayar halitta kawai aka busar da su a ƙasan ɗan bututu. Ɗigon ruwa ɗaya ake sawa, in da dalma ko jan ƙarfe ko kadmiyom sai ya yi haske. Ɗan'uwansa na fulorayid an kai shi gundumar Nakuru ta Kenya, aka miƙa wa masu gidaje suka gwada ruwansu da hannunsu, suka karanta launin da idonsu. Da na karanta wannan, Tibiri ce ta faɗo mini a rai.

Ranka ya daɗe, ba zan yi maka tallan dillalai ba. Yawancin waɗannan magwajai har yanzu a hannun masu bincike suke, kaɗan ne suka shiga kasuwa. Abin da aka ɗauko daga jikin mai rai yana da rauni, zafi na lalata shi, mu kuwa a Afrilu da Mayu ma'aunin zafi kan wuce 45 a inuwa, balle cikin ɗakin kwano. Ruwanmu na ƙasa mai ƙarfe ne, wani wurin mai gishiri da kanwa, kuma irin waɗannan na iya rikita gwajin. Da yawansu "akwai" ko "babu" kawai suke faɗa, ba su ba da adadi daidai. Masu bakteriya kuma an sauya musu halitta, dole a san yadda za a kashe su bayan an gama, kada a watsar a bola. Saboda haka ni na fi karkata ga waɗanda babu mai rai a cikinsu. Abin da ya fi kowanne haɗari shi ne magwajin da ya lalace a hanya ya ce wa uwa ruwa lafiya lau alhali da guba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ina roƙonka kada ma'aikatarka ta sayi kwali ko ɗaya don kawai an nuna takardar da ta ce ya yi aiki a Turai.

Abin da nake roƙo gwaji ne, a nan, cikin zafinmu, da ruwanmu. Muna da Jami'ar Djibo Hamani a Tawa, muna da Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai da malaman sinadarai da na ilmin ƙasa, muna da LANSPEX, babban ɗakin gwaje-gwajen lafiyar jama'a na ƙasa. A ba su izini da ɗan abin aiki su nemo magwajai biyu ko uku daga masu ƙera su, na dalma da zaiba da arsenik tukuna. A zaɓi rijiyoyi da famfuna a inda zato ya fi ƙarfi: kusa da masu wankin zinariya, kusa da masu fasa tsofaffin batura (tun da hasken rana ya yawaita, baturan da suka mutu ma sun yawaita), da famfunan da suka daɗe. Kowane ruwa a ɗebe shi sau biyu, ɗaya a gwada a bakin rijiya, ɗaya a sa masa asid a kai Yamai, a kwatanta. A bar wasu magwajan su yi wata biyu a shagon kwano a tsakiyar bazara kafin a buɗe su. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanda ya tsallake wannan jarrabawa shi ne namu, wanda ya faɗi kuma mun huta da asara. Ɗaliban da suka yi aikin za su fito da sanin da babu mai ƙwace musu, kuma da sannu su ne za su iya busar da irin wannan a nan gida.

Babbar na'urar ɗakin gwaji ba za ta rasa aiki ba, aikinta ma zai fi tsari. Maimakon a rasa ta inda za a fara cikin dubban rijiyoyi, ƙaramin magwaji zai nuna waɗanda suka cancanci a ɗauki kwalbarsu zuwa Yamai, kamar yadda asibitin ƙauye ke tura mai tsanani babban asibiti. Kuma zai ba da damar a maimaita, domin ruwa yana sauyawa. Rijiyar fadamar su goggo lafiya take shekara goma da suka wuce, lokacin babu mai dakan dutse a gefenta.

Akwai abu guda da ba ya jiran wani bincike. Ƙa'idar da ake bi a ƙasashe da dama ita ce kada dalma ta wuce kashi 0.25 cikin ɗari a duk abin da ruwan sha zai taɓa. A rubuta wannan cikin kowace kwangilar foraj da famfo, a riƙa dubawa kafin a karɓi aiki. Sa hannunka kawai yake buƙata.

Sai maganar da ta fi yi mini nauyi. In an gwada, a faɗa wa mutane. Bangaladash ta cika ƙauyukanta da famfunan tuƙa-tuƙa tun daga shekarun 1970 don ta raba yara da gudawa, ta yi nasara, sai a 1993 aka tabbatar da arsenik a ruwan, bayan miliyoyi sun sha. Abin da suka yi daga baya mai sauƙi ne: aka bi famfuna ana gwadawa, mai guba a shafa wa bakinsa jan fenti, mai lafiya a shafa kore. Wanda bai taɓa shiga aji ba ya san inda zai kai tulunsa, kuma sau da yawa famfo mai kore yana gidan maƙwabci. Sakamakon da ya kwanta a ofis cikin Faransanci bai kare kowa ba. A rubuta shi a jikin shato, a faɗa wa maigari da liman da kwamitin kula da foraj, a faɗa a rediyon gari. Sannan kada a shafa wa rijiya ja a juya a tafi. Matar da aka hana rijiya ba a nuna mata wata ba tabki za ta nufa, gudawa kuma ba ta jiran shekaru kafin ta ɗauke yaro. Dokar ruwa ta 2010 ta amince kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙin samun ruwa, ni kuwa a ganina sanin abin da ke cikin ruwan yana cikin wannan haƙƙi.

Wasu za su ce mutanen ƙauye ba za su iya ba. Da su aka kori kurkunu. Ƴan sa-kai na ƙauyuka ne suka bi gida gida da ƙyallen tace ruwa da littafin ƙirga masu ciwo, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. Wanda ya iya wancan zai iya ɗiga ruwa a bututu ya jira launi. In ana neman hannuwa a Tawa, ga ni, ga ɗalibaina na ajin ƙarshe. Yawancinsu ƴan ƙauyukan nan ne, suna komawa gida kowane hutu, sun san kowace rijiya da sunanta da wanda ya haƙa ta.

Kafin in baro ƙauyen na roƙi samarin su matsar da wankin dutsensu nesa da rijiyar da gidaje. Biyu sun yarda, sauran suka ce nan ne ruwa yake. Na nuna wa matan su bar jan ruwan ya kwana a buɗaɗɗiyar randa, tsatsar ta kwanta, su tace da safe. Wasu suna yi. Goggona tana yi don girki, amma na shayi da na shan jikokinta har yanzu daga fadama take aikawa a ɗebo, don ta ce ban kawo mata shaida ba. Da Sallah zan koma, kuma na san tambayar da za ta tarbe ni da ita.

Bazara ce lokacin da ya dace a yi gwajin nan, saboda zafinta ake so a jarraba. In za a same ta, tun cikin ɗari ya kamata takarda ta fita daga ofishinka zuwa jami'o'in.

Allah Ya ƙara maka lafiya.

Naka,
Malamin kimiyyar halittu, Tawa